Wa Zai Gaya Wa Na Gangare?

Goggonmu ba ta cika kiran waya ba. Idan ta kira, ko dai an yi haihuwa ko an yi rasuwa, shi ya sa da muka ga lambarta da sanyin safiyar wata Laraba, a tsakiyar damina, sai gabanmu ya faɗi. Bayan gaisuwa da tambayar aiki da ta iyali, sai ta ce, "Wai me kuka zuba mana a ruwa?"

Muka yi dariya, mun ɗauka zolaya ce. Ashe da gaske take. Kwana biyu ke nan, in ji ta, rafin da suke wanki yana warin gidan mai. Saman ruwan ya yi wani ƙyalli mai launi-launi kamar bakan gizo, awaki sun sunsuna sun ƙi sha, kayan da ta wanke kuma sun yini a kan igiya amma warin bai fita ba. Wasu matan da suka yi sammakon ɗiba tun ranar farko ba su ga ƙyallin ba sai da gari ya waye, ruwan yana cikin randa.

Mun san abin da ya faru, domin mun ga hotunansa. Kwana uku kafin nan wata tankar man dizal ta zame a bakin wani kwalbati a bayan garinmu, Basirka, ta kwanta a gefen titi. Ba ta kama wuta ba, direba da yaron motarsa sun fito lafiya, kowa ya yi hamdala. Hotunan suka zagaya a WhatsApp, mu ma da muke Kano muka gani, muka tura wa wasu, muka rubuta "Allah ya kiyaye gaba". Da daddare aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya wanke abin da ya zube ya yi gangare da shi. Ƙauyen da Goggo take aure yana gangaren ne, a cikin ƙasar Bauchi, tafiyar da ba ta kai rabin awa a babur ba.

"Ku da waya ba ta barin hannunku," in ji Goggo, "a cikinku duka an rasa wanda zai ce mana kada mu sha?"

Mu uku ne a ɗan ofishinmu na Kano, muna rubuta manhajojin kwamfuta da na waya: na lissafin kantin magani, na karɓar kuɗin makaranta, da ire-irensu. Biyu daga cikinmu 'yan ƙasar Gwaram ne, ɗaya ɗan Birnin Kudu. Goggon ta ɗayanmu ce, amma duk mun ci tuwonta, saboda haka tambayar ta hau kanmu baki ɗaya. Isar da saƙo daga wannan na'ura zuwa waccan cikin ƙiftawar ido shi ne abin da muka karanta a jami'a, shi muke ci shi muke sha. Ga shi hoton tanka ya iso Kano cikin 'yan mintuna, gargaɗi kuwa ya kasa isa ƙauyen bayan gari cikin kwana uku.

Ga wanda bai san yankin ba, Basirka tana can ƙarshen ƙaramar hukumar Gwaram, a kudancin Jigawa, inda jihar ta kutsa cikin ƙasar Bauchi. Titin da ya taso daga Kano ya biyo ta Wudil da Birnin Kudu ya ratsa Gwaram, ta garinmu yake wucewa ya nufi Darazo da Gombe. Masu zuwa Adamawa ma suna bin sa. Mun tashi muna kallon manyan motoci suna wucewa dare da rana, na hatsi, na shanu, na siminti, na taki, da tankokin mai. Titin ya kawo mana ciniki, ya kuma sha kawo mana kuka. A watan Agustan 2021 ambaliya ta karya gada a Radabi, tsakanin Gwaram da Basirka, wata bas da ta taso daga Kano ta afka ciki, mutum 21 suka rasu.

Iyakar jiha a wurinmu allo ne kawai a bakin titi. An ƙirƙiro Jigawa a 1991 daga tsohuwar Jihar Kano, amma auratayya da cin kasuwa tsakaninmu da mutanen tsallake sun girmi duk wata jiha. Jana'izarsu tamu ce, sunansu namu ne. A kan takarda ne allon nan yake zama katanga. 'Yan sanda, da 'yan kwana-kwana, da hukumar agajin gaggawa ta jiha, da ma'aikatar lafiya, da ta muhalli, kowannensu aikinsa a bakin allon yake tsayawa, wani kuma ya ɗauka daga can, da nasa shugaban da nasa kasafin.

Da maganar Goggo ta tsaya a kan warin wanki, wataƙila da mun ba ta haƙuri mun manta. Sai ga Majiya. A daren Talata, 15 ga Oktoban 2024, wata tankar fetur da ta taso daga Kano za ta Nguru a Jihar Yobe ta kife a garin Majiya, ƙaramar hukumar Taura, kusa da Jami'ar Khadija. Man ya malale cikin magudanar ruwa. Mutane suka fito da jarkoki da bokitai. Wuta ta tashi. Washegari aka yi jana'izar da Jigawa ba ta taɓa ganin irinta ba, aka binne mutane a kabari ɗaya, waɗanda suka ƙone kuma aka rarraba su asibitoci, daga Ringim da Haɗeja har Kano. Kwamitin da Gwamna Umar Namadi ya kafa ya ce mutum 209 ne suka rasu. Wata uku bayan haka, ranar 18 ga Janairun 2025, aka sake yin irinta a mahaɗar Dikko a Jihar Neja, fiye da mutum 80 suka tafi. Tun a watan Mayun 2019 ma an yi a Yamai, kusa da filin jirgin sama, inda fiye da mutum 55 suka rasu. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Mun ji masu cewa kwaɗayi ne. Mu dai bakinmu ya yi nauyi wajen faɗin haka. Kafin a cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, lita ba ta kai naira 200 ba. A watan da aka yi gobarar Majiya ta haura naira 1,000. Jarka ɗaya mai cin lita 25 ta zama fiye da naira 25,000, a shekarar da aka tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan naira 70,000. Da muka kalli hotunan samarin da suka rasu, fuskokin ƙannenmu muka gani. Mun kuma san cewa da a bakin kwalbatinmu fetur ne ya zube a maimakon dizal, da a Basirka aka haƙa wannan kabarin.

Sai da muka zauna karatu muka gane abin da yawancinmu ba mu sani ba game da fetur. Tururinsa ne ke kama wuta, kuma tururin ya fi iska nauyi, don haka ba ya tashi sama ya watse, kwanciya yake yi a ƙasa ya bi kwata da rami kamar yadda ruwa ke bi. Mutum yana iya tsayawa nesa da tanka, ƙafarsa a bushe, alhali yana tsakiyar abin da zai ƙone shi. Tartsatsi kaɗan ya isa: salansar babur, wutar sigari, bokitin ƙarfe da ya gogi kwalta, ko janareto. Akwai wani littafin jagora da ma'aikatan agaji na Amurka da Kanada da Meziko suke amfani da shi tare, don motocin kaya suna tsallaka iyakokinsu kullum. A cikinsa an ce idan fetur ya zube a fara korar mutane mita 50 ta kowane ɓangare, idan malalar babba ce a duba kwashe mutane har mita 300 ta inda iska ke kaɗawa, idan kuwa tankar ta kama wuta a ja da baya mita 800. Wato kusan filin ƙwallo takwas a jere. Da muka auna wannan a taswirar garinmu, muka ga ya haɗiye tasha da shaguna da gidaje masu yawa.

Mai guduma komai ƙusa yake gani. Mu masu manhaja ne, sai muka ce manhaja za mu yi. Wanda ya ga tanka ta faɗi ya danna, saƙo ya tafi ga hukuma, hukuma ta zo. Muka fara binciken wace ce hukumar. Akwai NOSDRA, wadda aka kafa a 2006 don gano malalar mai da ɗaukar mataki, ita ce ke riƙe da kundin shirin ko-ta-kwana na ƙasa. Kundin ya kasa malala mataki uku: ƙarama wadda ba ta wuce tan 7 ba, matsakaiciya har zuwa tan 700, da babba wadda ta haura haka, wadda ake iya neman taimakon ƙasashen waje a kanta. Dokar hukumar ta ce wanda ya zubar da mai ya kai rahoto cikin awa 24. Tanka mai lita 45,000 tana ɗauke da fiye da tan 30, ka ga ba ƙaramar malala ba ce. Sai dai asalin kundin yarjejeniyar duniya ce ta 1990 kan malalar mai a teku, kuma duk wanda ya karanta shi zai ji cewa da jiragen ruwa da bututun Neja Delta a zuci aka rubuta shi. Ga haɗarin titi kuma akwai jami'an kiyaye haɗurra masu lamba 122, akwai 'yan kwana-kwana na tarayya da na jiha, akwai NEMA da takwarorinta na jihohi, akwai NESREA mai kula da muhalli, akwai NMDPRA mai sa ido kan dakon mai, wadda ta hana lodin tanka mai lita 60,000 daga 1 ga Maris na 2025. Akwai kuma lambar gaggawa ta ƙasa, 112.

Hukumomi dai ba su yi kaɗan ba. Muka jera su, muka tsara manhajarmu yadda duk wani mai rubuta manhaja a Najeriya yake yi ba tare da ya yi dogon tunani ba: zaɓi jiha, zaɓi ƙaramar hukuma, sai saƙo ya tafi ga jami'an wannan yanki. Muka ƙara da cewa wayar da kanta za ta gano inda mutum yake ta cike masa. Wata biyu muka yi muna aikin da daddare bayan mun tashi daga na abinci. Da hutun Sallah ya zo muka tafi gida da ita, muna jin kanmu.

Kawunmu tsohon direban tanka ne, ya yi shekaru yana dakon mai kafin ido ya hana shi tuƙin dare. Shi muka fara nuna wa. Muka ɗauke shi a mota zuwa bakin kwalbatin nan, muka danna, saƙon gwaji ya tafi. Ya karɓi wayar ya nisanta ta da fuskarsa yana dubawa.

"Yanzu wa ya samu?"

"Mutanen Jigawa, Kawu, tunda a Jigawa muke tsaye."

Ya miƙo mana wayar, ya taka zuwa bakin kwalbatin, ya nuna yashin da ruwa ya shata ya yi gabas. "To motar ta faɗi a Jigawa. Man fa, ina ya kwana?"

Ba mu ce komai ba.

"Ku yaran nan," in ji shi, "abin da ya sa Goggonku ta kira ku shi kuka sake ginawa, kuka sa masa launi."

Gaskiya ya faɗa. Allon bakin titi muka ɗauka muka dasa a cikin manhaja da hannunmu. A sana'armu an san cewa kuskure a gaɓa yake ɓuya, wurin da aikin wannan ya ƙare na wancan ya fara, domin kowa yana gwada nasa ɓangaren ya ga lafiya lau, ba mai gwada mahaɗar. Mun san wannan, muna koya wa yaran da ke zuwa koyon aiki wurinmu, amma muka faɗa ciki. Da muka matsa kusa da allon ma sai wani abin ya ɓullo: taswirar iyakokin da muka sauko daga intanet ba ta dace da inda allon yake ba, muna tsaye wuri ɗaya wayar wannan ta ce Jigawa, ta wancan ta ce Bauchi. Can gaba kaɗan sabis ya ɗauke gaba ɗaya. A hanyar dawowa muka lissafa mutanen da ke zama kusa da titi da daddare, masu shayi da masu faci da 'yan acaɓa, muka ga da yawansu ƙaramar waya ce a hannunsu, wadda ba ta san wata manhaja ba.

A daren nan Kawu ya koya mana abin da ba mu samu a kundi ba. Ya ce a duba jikin tanka, wani lokaci akwai allo ruwan lemo mai lambobi: 1203 fetur ne, 1202 dizal, 1223 kalanzir, 1075 iskar gas. Ya ce idan babu allon a nemi direba kafin ya gudu, domin direba yakan gudu ne don tsoron duka, kuma shi kaɗai ya san abin da ya ɗauko da inda makullan tankar suke. Ya ce abu na farko a kashe duk wani inji, a tare titi tun daga nesa ta ɓangare biyu. Idan dizal ne kuma babu alamar wuta, a tare bakin kwalbati da yashi kafin ruwan sama ya zo. Idan fetur ne kada kowa ya shiga ramin, ko da shebur ne a hannunsa.

Bayan Sallah muka ɗauki kwana biyu muna zagaya ofisoshi a ɓangarorin biyu. An karɓe mu da mutunci. Wani jami'i ya ba mu kujera ya saurare mu har ƙarshe, sannan ya ce ko da wuta yake hangowa a tsallaken allo, ba shi da ikon fitar da mota sai da izinin na sama, kuma idan motar ta lalace a can shi zai amsa tambaya. Muka tambaye shi lambar takwaransa na ɗaya jihar. Ya duba wayarsa, ya duba aljihun tebur, ya ce zai nemo mana. Ba mugun mutum ba ne. Ba a taɓa zaunar da su biyun a ɗaki ɗaya ba ne kawai.

Da muka dawo Kano muka buɗe taswira, wannan karon ta ruwa. Ruwan ƙasar Gwaram yana gangarawa Kogin Bunga, wanda ya taso daga tsaunukan Jos, ya ratso Bauchi, ya shigo Jigawa, ya sake komawa Bauchi inda ake kiransa Kogin Jama'are. Daga nan ya bazu a dausayin Haɗeja da Nguru, ya haɗu da Kogin Haɗeja wajen Gashuwa ya zama Komadugu Yobe. Komadugu kuwa a ƙarshensa shi ne iyakar Najeriya da Nijar, ya wuce ta Diffa ya faɗa Tafkin Chadi. Masunta da makiyaya da masu noman shinkafa da masu barkonon Diffa duk a bakinsa suke.

Ba muna cewa tanka ɗaya da ta faɗi a Basirka za ta gurɓata ruwan Diffa ba. Fetur yakan bi iska, dizal yakan maƙale a yashi da ciyawa, mutanen kusa ne ke shan wahalarsa, su da rijiyoyinsu. Amma ba mai kaɗai ke bin titin nan ba. Gab da damina motocin maganin ciyawa da na ƙwari suna wucewa cike, kuma irin waɗannan sukan narke a ruwa ba ƙyalli, ba abin da zai sa akuya ta ja da baya. Ga shi kuma harkar mai tana matsowa. A ranar 22 ga Nuwamban 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani, a kan iyakar Bauchi da Gombe. A Nijar ana haƙo ɗanyen mai a Agadem cikin jihar Diffa, matatar Damagaram kuma tana aiki tun 2011.

Wasu sun riga mu cin karo da tambayar Goggo. A ranar 1 ga Nuwamban 1986 gobara ta tashi a rumbun sinadarai na kamfanin Sandoz kusa da birnin Basel a Suwizalan. Ruwan da aka kashe wutar da shi ya kwashi magungunan ƙwari ya zuba a Kogin Rhine. Kogin ya yi ja, kifaye suka mutu a tsawon ɗaruruwan kilomita, garuruwan Jamus da Holand suka rufe injinan jan ruwan sha. Abin da ya fi ɓata wa ƙasashen gangare rai shi ne jinkirin da aka yi kafin a sanar da su. Bayan nan suka ƙarfafa tsarin gargaɗi: cibiyoyi a jere a bakin kogin tun daga Basel har Holand, kowacce ta san wadda za ta kira a ƙasa da ita, da irin bayanin da za ta bayar, dare ko rana. A 1992 kuma aka ƙulla yarjejeniya a Helsinki kan haɗurran masana'antu da ke tsallaka iyaka.

Mu ma ba mu rasa inuwar da za a zauna a ƙarƙashinta ba. Hukumar Tafkin Chadi tana nan tun 1964. Hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar tana nan tun 1971, da ofishinta a Yamai. Hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are tana nan tun 1976. Abin da shirin tsallaken iyaka yake buƙata kuwa tambayoyi ne na yau da kullum waɗanda ake amsawa tun kafin ranar: wa zai kira wa, a wace lamba, da wane harshe, tunda takardun wannan ɓangare da Turanci suke na wancan da Faransanci, alhali mutanen bakin kogin Hausa da Barbarci da Fillanci suke yi. Motar kashe gobarar wa ta fi kusa, kuma an yarje mata ta tsallaka ba tare da jiran wasiƙa ba? Wa zai zuba mata mai? Wane asibiti ne zai karɓi masu ƙuna, ko da daga wata jihar suka fito? Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wannan ya fi ƙarfin mutum uku masu kwamfuta. Sai muka koma ga abin da hannunmu zai kai. Muka goge gurbin jiha daga manhajar. Yanzu idan aka ba ta wuri, da'ira take zanawa, sannan ta bi gangaren ruwa ta jero ƙauyukan da ke ƙasa, ta aika musu gajeren saƙon da ƙaramar waya ma za ta karɓa. Jerin ƙauyukan ba daga intanet muka samo shi ba. Makiyaya da masu ɗibar yashi ne suka zana mana shi a ƙasa da tsinke. Daga nan Kawu ya sa babbar riga ya raka mu gaisuwa wurin dagatai da masu unguwanni na ɓangarorin biyu.

"Ranka ya daɗe," in ji Kawu a zauren farko, "yaran nan ne suka zo da wata magana, na ga ta fi ƙarfin waya, na ce sai an kawo ta gabanku."

An yi zama ɗaya a makarantar firamare, da limamai, da shugabannin 'yan acaɓa, da 'yan sintiri, da ma'aikacin ɗakin shan magani. Aka amince cewa lasifikar masallaci ce za ta fara shela, 'yan acaɓa su tare titi daga nesa da injinansu a kashe, mutum biyu su riƙe direba a wuri mai aminci kada a taɓa shi, sannan kira ya bi gangare, kowane ƙauye ya kira na ƙasa da shi.

Ana cikin haka wani ƙaninmu, ɗan acaɓa, ya ɗaga hannu. "Yaya, ku kuna da albashi," in ji shi. "Ni jarka ɗaya kuɗin sati biyu ne a wurina. Ku ce in tsaya ina gadin titi, wani daga wani gari ya zo ya ɗiba?"

Zauren ya yi tsit. Liman ya yi magana a kan dukiyar mutane da kuma jefa kai cikin halaka. Kawu ya ba da labarin wani yaron motarsa da ya ƙone, da yadda ya yi kwana tara kafin ya cika. Ƙanin namu ya sunkuyar da kai, amma bai ce ya yarda ba, mu ma ba mu da amsar da za ta cika masa tankin babur. Har yau wannan ita ce gaɓar da ta fi ba mu tsoro a cikin shirin duka.

Muka yi gwaji wata Asabar da yamma, bayan an sanar da kowa cewa gwaji ne. Saƙon manhaja ya isa wasu wayoyi nan take, wasu sai bayan magariba. Kiran baki ya tsaya a mutum na uku, domin wayarsa tana wurin mai caji. Ta mai unguwa ɗaya kuma tana hannun ɗansa a gona. Sai da aka yi minti 40 kafin labari ya kai ƙauyen Goggo ta waya. Yaron da muka tura a babur don kwatantawa ya riga shi isa da nisa. Saboda haka aka gyara: kowane ƙauye lamba uku, ɗaya daga ciki ta mace, tunda mata ne ke zuwa rafi da asuba, kuma ko an yi kira ko ba a yi ba, babur ya tashi.

Abin da ya rage na hukuma ne, kuma mun rubuta mun kai: a zaunar da jami'an ƙananan hukumomin da ke bakin iyaka, na Jigawa da na Bauchi, su san juna, su yi musayar lambobi, a ba su izini a rubuce na tsallakawa ranar gaggawa, a kuma riƙa gwaji ko sau ɗaya ne a shekara kafin damina. Muna jiran amsa. Idan aka iya wannan tsakanin Gwaram da maƙwabtanta, an samu abin da za a nuna wa na bakin Komadugu.

Jerin lambobin yanzu yana manne a bangon shagon mai caji da ƙofar masallacin tasha, an sa shi a leda saboda ruwa. Rana takan cinye tawadar, don haka duk wanda ya je gida a cikinmu yakan tafi da sabon bugu, ya kuma kira lambobin ɗaya bayan ɗaya ya ji ko suna shiga. A layin ƙauyensu, lamba ta biyu ta Goggo ce. Da muka ce mata ko a sa ta wata yarinya mai ƙarfin ido, sai ta ce, "Ku sa tawa. Ni ba na kashe waya, kuma idan na yi magana a bakin rafi ana ji."